Fiyano da Rawar Bale Bayan an Girma: Yadda Za Ki Fara Daga Ɗakinki a Damagaram

Muna aji huɗu a lakwal, mushe ya ce kowa ya miƙe ya faɗi abin da yake so ya zama. Likita, soja, jandarma, direban jirgin sama, har da wani yaro ɗan Zango da ya ce shi Sarkin Damagaram yake so ya zama, aka yi ta dariya. Da aka zo kaina na ce ungozoma, domin ita ce amsar da ba ta jawo magana. Abin da ke raina daban ne. A telen maƙwabtanmu na taɓa ganin wata mace sanye da fararen kaya tana juyi bisa kan yatsun ƙafa kamar mazari, wani mutum kuma yana gefe yana kaɗa mata fiyano. Na koma gida na riƙa ɗage dunduniya a bayan rumbu har Inna ta ce in ban daina ba za ta kira mai ruƙiyya.

Ungozomar na zama, kuma ban yi da-na-sani ba. Amma da na haura talatin da biyar sai abin nan ya dawo yana yi mini susa. Yau shekara uku ke nan ina taɓa fiyano, biyu ina motsa jiki irin na ƴan bale, wato rawar nan da na gani a tele, a ɗakina. Ga yadda zan bi da abin da a ce yau zan fara, ke ma ki rage wa kanki faɗi-tashin da na sha. Da mace nake magana domin mu ne aka fi ɗaure wa ƙafa, amma namiji ma zai tsinci abinsa a ciki.

Ki fara raba sana'a da koyo

Nan mutane ke rikicewa. Burin yarinta abu biyu ne aka cusa a buhu ɗaya: zama gwanar da ake biya ta hau dandali, da kuma iya abin kansa. Na farkon, a bale dai, ya wuce mu, kuma gara a faɗa miki gaskiya. Masu cin abinci da wannan rawa tun suna ƙanana ake tanƙwara su, icce kuwa tun yana ɗanye. Misty Copeland, baƙar fatar Amurka da ta kai matsayin babbar mai rawa a kamfanin American Ballet Theatre a 2015, ta fara tana da shekara 13, kuma har yau ana ba da labarinta a matsayin wadda ta fara a makare. To ina ga mai shekara talatin da ƴaƴa huɗu?

Na biyun kuwa yana nan bai je ko'ina ba. Gemu ba ya hana ilimi. Babba yana da abin da yaro ba shi da shi: ya san dalilin zamansa a gaban abin, yana fahimtar bayani da sauri, kuma ba wanda ya tilasta masa. Abin da yaro ya fi mu shi ne laushin jiki da rashin kunyar kuskure.

Saboda haka ki ɗauki kaye ki rubuta buri ƙarami mai iyaka. Kada ki rubuta "in iya fiyano". Ki rubuta "nan da Sallar layya in kaɗa waƙa ɗaya da hannu biyu ba tsayawa". Na bale kuma, "in tsaya bisa ƙafa ɗaya na ƙirga goma sha shida ban riƙe kujera ba". Burin da ba a iya aunawa shi ke mutuwa a wata na biyu.

Sannan kada ki fara duka biyu a wata ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa. Shawarata fiyano tukuna, wata huɗu zuwa shida, domin shi zai koya miki ƙirga bugun kiɗa, bale kuwa gaba ɗayanta a kan ƙirga takwas-takwas take tafiya.

Maganar gida

Wannan matakin ya fi sayen kowane kaya muhimmanci, shi ne kuma ba za ki same shi a bidiyon Turawa ba.

Akwai batun addini. Malamai sun yi magana a kan kayan kiɗa, akwai masu hanawa, akwai masu sassautawa da sharuɗɗa. Ni ba malama ba ce. Ki tambayi malamin da kika yarda da shi, ki natsu da amsar kafin ki kashe ko dala. Wadda zuciyarta ba ta kwanta da kiɗa ba tana iya ɗaukar motsin bale kaɗai, tana ƙirga da baki, a matsayin motsa jiki a cikin ɗaki, ba abin da ya ragu.

Sai maigida. Ni na yi kuskuren ɓoyewa, na kai abin gidan Yaya na ajiye, ina zuwa ran Lahadi kamar mai satar hanya. Ranar da ya gano bai yi faɗa a kan fiyanon ba, ɓoyewar ce ta ɓata masa rai. Da na ce masa tun farko, "Malam, akwai abin da nake so tun ina yarinya, a ɗaki zan yi, da abin kunne, ba zai taɓa girki ko salla ba," da an wuce wurin. Ki faɗi iyakokin da bakinki kafin a gindaya miki su.

Ki kuma yi hattara da kalmar kanta. A nan Nijar in kika ce "bale", manya za su tuna ƙungiyoyin samariya na zamanin Janar Seyni Kunce, masu rawar gargajiya mai labari a dandali, da kalangu da ganguna, a gasar matasa ta ƙasa. Surukata da ta ji sai ta ce, "Ke ƴar nan, da girmanki za ki shiga samariya?" Na ce, "A'a Hajiya, motsa jiki ne don ciwon baya, a ɗaki." Ba ƙarya na yi ba. Wadda muke nufi ita ce ta Turai, wadda ta samo asali a fadojin Italiya a ƙarni na 15, ta bunƙasa a Faransa inda Sarki Luwi na 14 ya kafa makarantar rawa ta masarauta a 1661. Shi ya sa har yau sunayen motsinta kusan duk Faransanci ne, a Rasha ko a Japan. Mu da muka yi lakwal mun ci riba a nan, domin abin da Ba'amurke ke haddacewa kamar tsafi, mu ma'anarsa muke ji.

Sayen fiyano

Ki manta da babban fiyanon katako. Wanda Bartolomeo Cristofori ya ƙirƙiro a birnin Fulorans wajen shekara ta 1700, jikokinsa na yau suna da tsirkiya sama da 200 a ciki, mai tsaye ma nauyinsa kan kai kilo 200, kuma dole lokaci-lokaci gwani ya zo ya daidaita sautinsa. Katako ne da ba ya son bushewar hunturu ta biyo bayan laimar damina. A garinmu wahala za ki saya.

Na lantarki za ki nema, irin wanda ƴan situdiyo ke haɗa wa mawaƙa kiɗa da shi. Cikakken fiyano maɓallai 88 ne, farare 52, baƙaƙe 36. Don farawa mai 61 ya isa, zai kai ki shekara biyu ba ki ji ƙunci ba. Yamaha da Casio su ne aka fi samu. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne wannan: maɓallan su kasance masu cikakken faɗi, kuma masu jin nauyin hannu, wato in kin taɓa a hankali sauti ya fito a hankali, in kin danna da ƙarfi ya ɗaga. Asalin sunan abin ma daga nan ya fito, a Italiyanci "a hankali da ƙarfi" ake ce masa. Na farkon da na saya, wani mai shago ya rantse mini na ƙwararru ne. Ashe na wasan yara ne, maɓallansa sirara, ko da guduma kika buga sauti ɗaya ne. Wata biyar na ɓata a kansa.

In a Kasuwar Dole ko wajen masu kayan lantarki kika ci karo da na hannu, ko kika aika a sayo miki daga Kano ko Yamai, ga gwajin da za a yi kafin a miƙa kuɗi. A danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, daga hagu har dama, sau ɗaya a hankali sau ɗaya da ƙarfi. A buɗe gidan batir a duba ko ya yi tsatsa. A sa abin kunne a ji ko duka kunnuwan biyu suna kawowa. In ɗan aike ne, ya ɗauki bidiyon gwajin ya turo miki ta WhatsApp.

Ƙananan abubuwa uku da suka ba ni wahala. Ramin abin kunne a fiyano da yawa babba ne, na salula ba ya shiga sai da ɗan ƙarfen haɗi, ki saya tare. Na biyu, kuran. Yadda take zuwa tana komawa, wani lokaci da ƙarfin da ya wuce kima, ita ta ƙona mini caja. Ki duba adadin bolt da aka rubuta a jikin fiyanon, kada ki jona masa kowace caja don bakinta ya shiga, kuma ki zare in kin gama. Ƙananan fiyano da yawa suna aiki da batir shida irin na tocila ƙarama, ki nemi masu caji, sai ɗaukewar wuta ta daina zame miki hujja. Na uku, ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, in kika bar shi a buɗe kwana uku za ki rubuta sunanki a kai da yatsa, kuma ƙurar nan ce ke shiga ƙarƙashin maɓalli ta kashe shi. Tsohon zani mai kauri ya wadatar. A bazara kuma kada ki bar shi kusa da taga ko ƙarƙashin kwano mai zafi.

Kuɗin kuwa, adashi na shiga, wata takwas. Ban ga dalilin cin bashi don abin sha'awa ba.

Makon farko a gaban fiyano

Zama tukuna. Ki ɗora shi a kan tebur, ki zauna a gaban rabin kujera, ƙafafu a ƙasa, baya a miƙe. Daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu ya zama a kwance daidai da maɓallan. In teburin ya yi tsawo ki ƙara matashi. Kada ki koya a kan katifa kina tanƙwashe, wuyan hannunki zai biya bashin. Yatsu a lanƙwashe kamar kina riƙe da ƙwallon dawo ba ki so ya fashe. Farce kuma sai an yanke, lalle dai ba ya hana komai.

Yanzu ki dubi baƙaƙen maɓallan. Za ki ga suna tafe biyu, uku, biyu, uku. Farin da ke manne da gefen hagu na kowane biyu shi ne Do. Daga shi farare suna bin juna: Do, Re, Mi, Fa, Sol, La, Si, sai wani Do. A fiyano mai 61, Do na uku daga hagu shi ne na tsakiya, shi ne gidanki. Kada ki manna takarda mai suna a kan maɓallai. Na yi, na zama kamar mai tafiya da sanda alhali ƙafarta lafiya.

Yatsu suna da lamba a kowane hannu: babban yatsa 1, manuni 2, na tsakiya 3, na zobe 4, ɗan auta 5. Ki ɗora babban yatsan dama a Do na tsakiya, sauran su bi har Sol. Ki hau, ki sauko, a hankali, kowane sauti daidai da ɗan'uwansa. Na huɗun zai ƙi ɗagawa, haka yake ga kowa, jijiyarsa a haɗe take da ta maƙwabtansa. Kada ki tilasta shi. Sai ki yi haka da hagu, ɗan auta a Do na ƙasa, wato wanda ke hagu da na tsakiya.

Ga wani abin da zai faranta miki rai tun daren farko. Ki bar fararen, ki yi wasa da baƙaƙen kaɗai. Sautuka biyar ne ke maimaituwa, kuma waƙoƙinmu na gargajiya da yawa a kan irin wannan tsani mai hawa biyar suke. Ki rera wata waƙar gaɗa ko ta daɓe da kika sani tun kina yarinya, ki lalubo ta a kan baƙaƙen. Ni waƙar reno da Inna ke yi wa ƙannena na fara samu, na zauna ina ta maimaita ta har aka kira assalatu. Kunnen da ya tashi da algaitar fada da kakaki ba baƙon kiɗa ba ne, hannun ne kawai baƙo.

Daga wata na farko zuwa na shida

Minti ashirin kullum ya fi awa uku ran Lahadi. Ki zaɓi lokaci ɗaya ki kafe a kai. Nawa bayan isha'i ne, in yara sun kwanta. Wata ƙawata bayan asuba take yi kafin mai garuwa ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Minti biyar na farko tsani. Dama daga Do zuwa Do da yatsu 1, 2, 3, sai babban yatsa ya ratsa ta ƙarƙashi ya kama Fa, a ci gaba 1, 2, 3, 4, 5. Hagu kuma 5, 4, 3, 2, 1, sai na tsakiya ya tsallako ta sama, 3, 2, 1. Ki kunna abin ƙirga bugu, yawancin fiyanon lantarki suna da shi a ciki, ki sa a 60, wato bugu ɗaya kowace daƙiƙa. Zai ba ki haushi, domin yana faɗin gaskiya. Kowa yana gudu a wuri mai sauƙi ya ja ƙafa a mai wuya, ba ya ma sani.

Minti goma na tsakiya karatun rubutun kiɗa. Nan zan tsaya kaɗan, domin akwai ruɗi. Bidiyon nan masu sandunan launi da ke zubowa daga sama suna nuna miki inda za ki danna, suna sa ki kaɗa waƙa a kwana biyu, amma tamkar haddar allo ce ba tare da sanin baƙi ba. Ran da aka ba ki sabon shafi ba ki da ta cewa. Rubutun kiɗa layi biyar ne, ana ɗora ɗigo a kan layi ko tsakanin layuka don nuna sautin da za a kaɗa. A na hannun dama, daga ƙasa zuwa sama, layukan su ne Mi, Sol, Si, Re, Fa, tsakankaninsu kuma Fa, La, Do, Mi. A na hagu layukan Sol, Si, Re, Fa, La. Tsawon sauti kuma siffar ɗigon ke nunawa: baƙi mai sanda bugu ɗaya, fari mai sanda biyu, zagayayye marar sanda huɗu, baƙi mai ƙugiya rabin bugu. Ki koyi ɗigo biyu ko uku a mako, ba duka a dare ɗaya ba.

Minti biyar na ƙarshe naki ne, ki kaɗa abin da ranki ke so.

A wata na biyu ki shigo da haɗin sauti uku a hannun hagu: Do-Mi-Sol, Fa-La-Do, Sol-Si-Re, sai La-Do-Mi. Da waɗannan huɗun ana raka waƙoƙi masu ɗimbin yawa. Haɗa hannu biyu shi ne inda mutane da yawa ke ajiye abin. Dabarar ita ce ki iya dama ita kaɗai, ki iya hagu ita kaɗai, sannan ki haɗa a kan gaɓa biyu kacal, wato ɗan guntun waƙar, da jinkirin da za ki ji kunyar wani ya ji ki. In kin yi kuskure sau biyu a wuri ɗaya, ba komawa farkon waƙa za ki yi ba, wurin za ki ware ki yi ta bi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Malami fa? A garin nan masu taɓa fiyano iri biyu ne galibi: ƴan situdiyo da masu kaɗawa a coci. Na farkon kunnensu kamar me, amma da yawa sun dogara da kiɗan da injin ke yi da kansa, da maɓallin da ke sauya musu murya. Ki ce a kashe waɗannan biyun in ana koya miki. Na biyun sun fi yawan masu karanta rubutu. Ko sau biyu a wata wani ya dubi hannunki ya fi babu, kuma ki sa a yi a gida, da wani naki a zaune, don bakin mutane. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Elhaji Taya, in tafiya ta kai ki. Darasin intanet kuwa ki sauke shi da dare in layi ya yi kyau, ki bi malami ɗaya daga darasi na ɗaya zuwa ƙarshe. Da Faransanci ki rubuta piano débutant adulte. Tsalle daga wannan malami zuwa wancan shi ne cutar masu koyo da salula.

Yanzu bale

In kina da hawan jini, ciwon gwiwa ko na baya mai tsanani, ko kina da ciki, ko ba ki daɗe da haihuwa ba, musamman ta tiyata, ki ga likita kafin komai. Wannan da bakin aikina nake faɗa.

Kayan aiki ba su da yawa: kujerar katako mai nauyi wadda bayanta ya kai tsakanin ƙugu da cibiya, ita ce madadin sandar da ƴan rawa ke riƙewa, madubi in akwai, wando mai laushi da zai bar ki ki ga gwiwarki. Matsalar ita ce daɓe. Ɗakunan rawa na gaske katako ne mai ɗan bayarwa, namu siminti ne ko karo. Don haka shekarar farko babu tsalle ko ɗaya, siminti ba ya yafe wa gwiwa. Tabarma tana zamewa, ki naɗe ta. Safa a kan karo ma santsi ne da ita, sai ki naɗo ta daga baya ta rufe yatsu da gaban tafin ƙafa kawai, dunduniya a waje tana kama ƙasa.

Takalmin nan mai taurin baki da ake tsayawa a kan yatsu, wanda ya ja hankalina a tele, ki cire shi daga lissafi. Ko a makarantun rawa sai an yi shekaru ana horo malami ya duba ƙafa ya yarda. Wadda ta sa shi ita kaɗai a ɗaki karaya take nema.

Ki fara da ɗumama jiki minti biyar: tafiya a wuri ɗaya, juya idon sawu, juya kafaɗa. Sai tsayuwa. Ki ɗauka tulu ne cike da ruwa a kanki ba gammo. Wuya dogo, kafaɗu a sake, ciki a ɗan ɗaure, ƙugu bai turo baya ba. Duk wadda ta taɓa ɗauko ruwa daga famfon unguwa ta riga ta san rabin wannan darasi.

Tsayuwar ƙafa biyar ce, an tsara su tun zamanin Luwi na 14, ana danganta su ga malamin rawarsa Pierre Beauchamp. Biyu sun ishe ki wata uku. Ta farko: dunduniya haɗe, yatsu a buɗe waje. Ta biyu: haka dai, amma da tazarar kamar tsawon tafin ƙafa ɗaya tsakanin dundunai. A hoto za ki ga ƙafafun gwanaye sun miƙe sun zama layi ɗaya. Kada ki kwaikwaya. Buɗewar daga ƙugu take fitowa, ba daga gwiwa ko idon sawu ba. Ki haɗa ƙafafu, ki ɗaga yatsu, ki juya cinyoyinki waje daga can sama, inda suka tsaya nan ne naki. Ni na murɗa tawa da ƙarfi don ta yi kama da ta bidiyo, na yi mako uku ina sallah a zaune.

Motsi na farko pliye, wato lanƙwasa gwiwa. Hannu ɗaya a kan kujera, ki sauka kaɗan, dunduniya ba ta bar ƙasa ba, kowace gwiwa tana kallon saitin yatsan tsakiya na ƙafarta, baya a miƙe kamar kina zamewa a jikin bango. Ƙirga huɗu sauka, huɗu tashi. In gwiwa ta faɗo ciki, kin buɗe ƙafa fiye da ƙarfinki, ki rage.

Na biyu tandu, miƙa ƙafa. Ki goga tafin ƙafa a ƙasa zuwa gaba har dunduniya ta ɗaga, yatsu kaɗai suka rage a ƙasa, gwiwa a miƙe, sannan ki jawo ta ta hanyar da ta bi. Huɗu gaba, huɗu gefe, huɗu baya, huɗu gefe. Da gani kamar ba komai, amma nauyinki duka yana kan ɗayar ƙafar, kuma ƙugu bai kamata ya karkata ba. Ki juya ki yi ɗaya ɓangaren.

Na uku releve, ɗagawa bisa gaban tafin ƙafa. Fuskanci kujera, hannu biyu a kai, ki ɗaga dundunai a hankali, nauyi a kan babban yatsa da na kusa da shi, kada idon sawu ya gurɗe waje. Takwas, ki huta, takwas. Sha-raɓarki za ta yi ƙorafi gobe da safe. Ciwon tsoka irin wannan ba laifi, yana wucewa a kwana biyu. Ciwo mai suka a cikin gaɓa kuwa, a gwiwa ko idon sawu, alama ce ta ki tsaya.

Bayan wata biyu ki ƙara zana rabin da'ira a ƙasa da yatsun ƙafa, da ɗaga ƙafa kaɗan daga ƙasa bayan tandu, da motsin hannuwa. Miƙa jijiyoyi a ƙarshe ake yi, jiki da ɗumi, daƙiƙa talatin kowane, ba girgizawa. Sau uku a mako, minti ashirin zuwa talatin. Wajen neman darasi ki rubuta danse classique débutant adulte, ki zaɓi na riƙe sanda. Tunda ba malamin da zai gyara miki, ki jingine salula a jikin kwalla ki ɗauki kanki daga gefe sau ɗaya a mako. Abin da jiki ke gaya miki da abin da ido zai gani sun sha bamban. Ki goge bidiyon in kin gama kallo, salula ba ta da amana a hannun yara.

Lokacin zafi, daga Maris zuwa Mayu, in awo ya haura 40, bayan asuba ne kawai lokacin da ya dace, da ruwa a kusa. Da azumi na kan bar riƙe kujera gaba ɗaya, in tsaya ga ɗan miƙa jiki bayan tarawihi. Wata ɗaya ba ya rushe abin da aka gina, sai dai makon farko bayan Salla ki koma da rabin abin da kika saba.

Inda biyun ke haɗuwa

Wajen wata na takwas za ki iya yin abin da ya fi ba ni daɗi a duk harkar. Ki kaɗa haɗin nan huɗu a hankali, kowane bugu huɗu, abin ƙirga a 60, ki maimaita sau takwas, ki naɗa a salula. Sai ki tashi ki riƙe kujera ki yi pliye da tandu a kan kiɗan hannunki. Nan take za ki ji duk inda kika yi gudu a kiɗan, domin ƙafarki za ta rasa wurin sauka. Sai ki koma ki sake naɗa.

Ki ajiye kayen nan kusa. Kowane dare layi ɗaya: kwanan wata, abin da kika yi, inda ya ƙi. Za a yi makonnin da biki, rasuwa, baƙi ko zazzaɓin yaro za su cinye, ki rubuta "babu" ki wuce. In kin dawo bayan dogon rashi, kada ki fara da inda kika tsaya, ki koma shafi biyu baya.

Ƴata ta biyu, mai shekara tara, takan leƙo ta labule in ina yi. Rannan na same ta a bayan ɗakin girki riƙe da turmi tana ɗage dunduniya. Na ce, "Idon sawunki yana gurɗewa waje, mayar da nauyin kan babban yatsa." Ta gyara, ta ce, "Umma, haka?" Na ce ta yi takwas ta huta, sannan ta zo ta wanke mini tukunya.